Bazazzagi da kwamfutar falo

Malam Bazazzagi, bawan Kanawa, mai digiri rataye a bango. Labari ya iso Kano cewa ka sayi kwamfuta ta biyu, har ka sha alwashin daga kan gado za ka riƙa juya ta falo ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba. Ashe duk karatun nan na Samaru, hanyar kwanciya ake nema.

An ce ka kwana kana lalube a Remote Desktop, kana surfa wa Microsoft zagi da Turancin da ko Bature sai ya nemi tafinta. Ba su da laifi. Windows Home ce a kan kwamfutar falon, ita kuwa Home tana shiga wata kwamfutar, amma ba a shigarta. Sai Pro ko Enterprise ko Education. Tun zamanin Windows XP, a 2001, haka dokar take. Ka bi araha, araha kuwa ba ta ado.

Da yaron maƙwabta ya ji tausayinka ya ɗora maka Pro, sai ka ƙi sa kalmar sirri, wai kada ka manta. To Windows ba ta buɗe ƙofa daga nesa ga asusun da ba shi da kalmar sirri. Aka gyara wannan, sai kwamfutar ta yi barci, ka tashi ka je falo ka tashe ta. Aka ɗauke wuta aka kawo, na'urar rarraba intanet ta sauya mata adireshi, ka sake komawa falo ka buga ipconfig, ka kwafo lambobi a tafin hannu. Da ka ba ta adireshi tsayayye ka kuma hana ta barci, da ka huta. Yanzu mutumin da ya guje wa taku goma ya fi ɗan aike zirga-zirga a gidansa.

Ranar da ka samu shiga kuwa, ihu aka ji daga falo. Ba wanda ya gaya maka cewa da zarar ka shiga daga nesa, allon can kullewa yake yi, domin mutum ɗaya Windows ke bari a lokaci guda. Uwargida na tsaka da kallon fim, kai kana kan gado ka kore ta. Yadda aka kwana a gidan, ba a jarida zan faɗa ba.

Sai maganar raba intanet, inda rowarka ta fito fili. Modem ɗaya ka saya, ka ce kowa ya sha daga kwamfutarka. Dabarar tsohuwa ce, tun 1999 take cikin Windows. Kwamfutarka ta ɗauki adireshin 192.168.137.1, ta zama uwa, sauran suna tsotsa. Sai dai in uwa ta mutu, kowa ya yi zaman makoki. Ka kuma manta ka shaida wa ta biyun cewa datar aune take. Ita kuwa ta ga banza ta faɗi, ta shiga sauke sabuntawa, datar wata guda ta ƙare kafin sallar isha'i.

Abu ɗaya zan faɗa maka ba da wasa ba. Na ji kana shirin buɗe ƙofa mai lamba 3389 ga duniya don ka riƙa shiga daga ofis, alhali shekarar haihuwarka ce kalmar sirrinka. Ɓarayin intanet dare da rana suke ƙwanƙwasa wannan ƙofar, kuma ɓarakar BlueKeep da aka gano a 2019 ta nan take. Ka nemi Chrome Remote Desktop ko AnyDesk, kuma duk wanda ya bugo waya yana neman lambar shiga, ka kashe wayar.

Shawarar Bakano ba kyauta ba ce. Ka haɗa ladanta da kuɗin sharar bara da ka maƙale, ka aiko kafin cika-ciki. A hannu nake so, kada ka ce za ka turo daga kan gado.