Alhaji, Sai An Sauke Inji

Motata Corolla ce 'yar 2005. Ta gama ƙuruciyarta a Amurka, ta yada zango a Kwatano, sannan ta zo Kano ta ƙarasa tsufanta a hannuna. Shekara bakwai ke nan muna tare, kuma a tsakanin nan na zauna a kan bencin gareji fiye da yadda na zauna a falon surukaina. Don haka in na yi maganar kanikawa, ba ji na yi a majalisa ba. Aljihuna ne ya biya kuɗin makarantar.

Sarkinsu duka shi ne wanda nake kira Sai-an-sauke. Wata 'yar ƙara ce ta kai ni wurinsa, ƙaras-ƙaras daga ƙarƙashin mota in na tsaya a danja. Na same shi yana cin shinkafa da wake, bai ko ɗago ba. Da ya suɗe hannu ya ce, "Malam, tayar da ita." Na tayar. "Ba ta wuta." Na taka totur. Ya ɗauko dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron tafsiri. Minti guda cur. Sai ya buɗe ido ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai san an yi masa rasuwa ba.

"Alhaji, da wannan motar ka zo?"

Ka lura, ɗazu Malam nake, yanzu na zama Alhaji. A wurinsa sarautarka tana hawa ne daidai da hawan lissafi. Ranar da ya kira ka ranka ya daɗe, to ka fara tunanin wanda zai ranta maka kuɗi.

Na ce da ita na zo, daga Hotoro. Ya ce, "Daga Hotoro! Lalle Allah yana sonka." Ya ƙwalla wa yaronsa kira, "Kai, zo ka ji abin da nake gaya muku kullum." Yaron, wanda bai fi shekara goma sha huɗu ba, ya kara kunne, ya girgiza kai daidai yadda maigidansa ya girgiza, har da ɗan tsakin. Na tabbata wannan girgiza kai ita ce darasin farko da ake koya musu, kafin ma a nuna musu sifana mai lamba goma.

Daga nan sai hujja. Ya zagaya baya, ya zura yatsa a bakin salansa, ya fito da shi baƙi ƙirin, ya kawo mini har hanci. "Ka gani? Ringi ya tafi." Ni kuwa a lokacin ban san cewa duk salansar da ke duniya baƙa ce a ciki ba, har ta motar gwamna. Ya ce sai an sauke inji. Tunda kuwa za a buɗe, gara a sa sabon gasket. Tunda an taɓa gasket, ai ba a bar boris ba. Tunda an kai nan, famfon mai ma a huta da shi gaba ɗaya. Wannan "tunda" ita ce jarinsa. Da ita allura take tono garma, garma ta tono rijiya.

Tambayarsa ta ƙarshe ita ce wadda na fi so: "Wai wa yake taɓa maka motar nan?" Ko wa ka ambata, sai ya yi murmushi ya ce ba ya son ɓata sana'ar wani. Akwai ranar da ya ɗaga wata waya ya ce wanda ya yi wannan haɗin bai ji tsoron Allah ba. Na ce, "Oga, ai kai ka yi, kafin azumi." Ko gezau. Ya ce, "To yara ne, ba na nan."

Ƙarar nan fa? Na ce zan je in yi shawara. A hanya na tsaya shan iska wurin mai faci, ya leƙa ƙasa ya ce wani gwangwani ne da ke kare zafin salansa notinsa ya kwance. Ya ɗaure shi da waya. Har yau ban sake jin ta ba.

Akwai dattijon da ya koyi aiki a zamanin Fijo 504, tun ana harhaɗa ta a Kaduna, a kamfanin da aka buɗe a 1975. Shi ba macuci ba ne, hadda ce ta yi masa yawa. Ko wace mota ka kawo, so yake ya wanke mata kafireta, ko da nozul take aiki. Ya taɓa ce mini bel ɗin tayimin ya kusa tsinkewa, in ban canza ba inji zai tashi aiki. Na ce, "Baba, ai wannan sarƙa gare ta, ba bel ba." Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "To ita sarƙar ba ta gajiya?" Na saya masa goro muka rabu lafiya.

Mai kwamfuta kuma ɗan zamani ne, hannunsa fes, ba ɗigon baƙin mai. Tun daga 1996 duk motar da aka yi don kasuwar Amurka tana da wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari, nan yake soka na'urarsa. Sokawar kawai kuɗi ce. Lamba ta fito, harafin P da alƙaluma huɗu, sai ya karanta maka ita da murya ƙasa-ƙasa kamar sakamakon gwajin jini. Lambar nan ba ta faɗin abin da ya lalace, ɓangaren da za a bincika kawai take nunawa, amma shi a wurinsa wahayi ce: a canza kwayil huɗu, a canza sensa. Ya danna maɓalli, wutar da ke gaban direba ta mutu, ka biya kana godiya. Kafin sati ta dawo tana yi maka murmushi. Tawa, ashe murfin tanki ne ba a murɗa da kyau ba a gidan mai. Yana da wani ƙane a sana'ar wanda ya fi shi sauƙin kai: shi baƙin salatif yake liƙa wa wutar.

Sai Ɗan-gwaji. Bai san ciwon ba, kuma ba zai ce bai sani ba. A sa fulogi mu gani. Ba shi ba ne. A sa famfon mai. Ba shi ba ne, amma dama ya kusa. Ka yi sawu uku zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a rana ɗaya. But ɗin motata cike yake da tsofaffin kayan da lafiyarsu ƙalau, ina ajiye da su ko wata rana zan buɗe shago.

Maƙiyin tamostat ba ya ɓata lokaci. "Wannan na ƙasar sanyi ne, mu nan Kano me za mu yi da shi?" Ya cire ya wurgar, ya haɗa fanka kai tsaye, ta dinga gudu tun daga kunna makulli. Aikin ɗan ƙarfen nan shi ne ya tsare ruwa har inji ya ɗumama zuwa digiri 80 da 'yan kai, don a nan yake ƙona mai daidai. Babu shi, da safiyar hunturu injinka yana rawar ɗari yana zuƙar fetur. Shi ne kuma zai zuba maka baƙin mai 20W-50 alhali an rubuta 5W-30 ɓaro-ɓaro a kan murfin, don a ganinsa mai in ba kauri ruwa ne.

Kada ka ce gudu zuwa babban gareji mai kwandishan da kujerun kushin zai cece ka. Can ba mai zura yatsa a salansa. Wata 'yar budurwa ce za ta miƙo maka ruwan gora da takarda shafi biyu, an buga da kwamfuta. Juyen mai ka zo yi, amma sun gano abubuwa goma sha ɗaya da ke "buƙatar kulawar gaggawa", ciki har da cika tayoyi da iskar naitirojin. Iskar da mai faci yake dura maka a bakin titi, kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ɗin ce. Sai-an-sauke ne dai, ya yi wanka ya ɗaura nakatayi.

Duk waɗannan ina iya dariyarsu. Mutumin indomi ne ba na yi wa dariya. Ga wanda bai sani ba, indomi ita ce wata saƙa mai ƙananan ramuka da ke cikin tukunyar salansa, kamanninta da taliyar ne ya jawo mata sunan. Aikinta ta ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita, kuma an shafe ta da ƙarafa masu tsada, falatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa take da kasuwa ko ta tsufa. Yayata malamar firamare ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu da tsohuwar Honda. Bayan an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ta kai motar ta ce a duba mata ko akwai abin da zai rage shan fetur. Mutumin nan ya dube ta ya ce, "Hajiya, wallahi indominki ce ta toshe, ita ke shanye miki mai." Ya yanke tukunyar, ya kwashe abin da ke ciki, ya yi walda ya mayar. Ya karɓi kuɗin aiki, ya sayar da indomin, ya ci biyu. Har godiya ta yi masa, ta ce Allah ya saka da alheri. Mota ta koma gurnani kamar tifa, warin hayaƙi yana cika wa yara hanci in an tsaya a cunkoso, fetur kuwa ko cokali bai ragu ba. Da na tambayi kuɗin wata indomin, ya fi albashinta na wata. Indomi tana toshewa da gaske, amma mai gaskiya zai gwada ya nuna maka, kuma in ya cire ya miƙa maka kayanka. Wannan ya ga mace ita kaɗai, ya ga ba ta da mai tsaya mata, ya kuma sa sunan Allah a gaba. Da na je, sai ya ce yara sun zubar a bola. Na daɗe ban ji hannuna yana rawa don fushi ba irin ranar.

To, a bencin nan akwai wani nau'in kuma, wanda ba ya riƙe sifana. Yana zuwa da wayarsa a hannu, ya kalli bidiyo biyu a YouTube da daddare, ya zo yana koya wa mai shekara talatin a ƙarƙashin mota aikinsa. Yana biyan kuɗin fenti da na fitila mai ƙyalli ba ciniki. Amma ranar da aka ce masa takalmin birkinsa ya cinye har ƙarfe na cin ƙarfe, sai ya ce, "Oga, lallaɓa min ita zuwa ƙarshen wata." Ƙarshen watan nan ya zo ya wuce sau huɗu. Ba zan faɗi sunansa ba, amma Corolla yake ja, 'yar 2005.

Wanda ya gaya mini maganar birkin wani tsoho ne mai gareji a gindin darbejiya, ba allo, ba benci, sai tabarma da akwatin kayan aiki. Na kai masa motar ne don tana ɗan kakkarwa da safe. Ya buɗe, ya tura wani tiyo da ya zame ya koma wurinsa, ya rufe. Ya ce, "Shi ke nan, ɗana. Injinka lafiya lau. Birkin dai ka gyara." Na ce nawa? Ya ce in ba yaro na ruwan leda.

Na tafi raina ba daɗi. Minti uku? Ba lumshe ido, ba girgiza kai, ba wanda ya tambaye ni daga ina na taho? Na kwana ina juyi, ina cewa anya tsohon nan idonsa na gani kuwa. Gari na wayewa na ɗauki makulli. Na sami Sai-an-sauke yana shan shayi, ya ce in tayar, in ba ta wuta, ya ɗauko sukundireba ya kara a kunne. Da ya buɗe ido ya ce, "Ranka ya daɗe, da wannan motar ka zo?"

Na gyara zama a kan benci, na ce a kawo mini shayi ni ma.