Bazazzage da Kwamfuta Mai Baki Dubu

Kai Bazazzage, bawana, an ce yanzu ko gaisuwa ba ka amsawa, wai kana kwaikwayon damina a kwamfuta. Ka ɗura mata lissafin iska da zafin teku, ka sake ta sau ɗaruruwa, kowane zagaye ta amayo maka ruwan sama da zafi da laima na kowane yanki. Sai ka zauna kana zare ido, ka rasa ta inda za ka kama.

Kafin ka ƙara ɗaga hanci, ka san kakanka a sana'ar. Dabarar nan ta maimaita zagaye da kake taƙama da ita, wato Monte Carlo, Stanislaw Ulam ne ya hango ta a 1946, yana jinya yana buga karta shi kaɗai. Jikan mai karta ke nan yake mana fankama.

Inda nake jiranka shi ne wajen matsakaici. A shekarun 2000, kwaikwayon cibiyar GFDL ta Amurka ya nuna Sahel zai bushe ƙwarai kafin ƙarshen ƙarnin nan, na Japan mai suna MIROC kuma ya ce ruwa zai ƙaru. Kai da wayonka na Zariya sai ka haɗa su ka raba biyu, ka fito da "ba wani canji", maganar da ko ɗayansu bai faɗa ba. Wa ya aike ka?

Sannan ga ɗabi'ar nan taka ta duba kowane adadi shi kaɗai, zafi a shafi ɗaya, ruwa a wani. Ai tare suke tafiya, Malam. In ƙasa ta bushe, zafin ranar da ya kamata ya tafi wajen ɗauke danshi sai ya koma gasa iska, fari ya jawo ƙuna. Gero kuwa haɗuwar biyun ce take kashe shi. In ka lissafa yiwuwar kowanne daban ka ninka, za ka ce abin da wuya ya faru, alhali a bakin ƙofa yake.

Maganin ma ba sabo ba ne. Tun 1901 Karl Pearson ya nuna yadda ake matse tarin adadi a fito da 'yan ginshiƙan da suke jan ragowar, Edward Lorenz kuma ya kai dabarar fagen hasashen yanayi a 1956. Mu Kanawa ba mu jira su ba: dillalin Dawanau in ya ji dawa ta motsa, ba sai ya tambayi gero da masara ba.

Saboda haka ka ɗauko kwamfutar ka hau motar Kano. Kuɗin koyarwa a hannu muke karɓa, don mun san halin Zage-zagi da bashi.