A ina zan koya? Jerin masu tambayar

Duk wanda ya zauna da matasan da ke son koyon zane mai motsi, irin wanda ke sa tambarin kamfani ya juya a talla ko sunan fim ya shigo da yanga, ya gaji da tambaya guda: a ina zan koya? Jami'a, ko kwas ɗin intanet, ko raɓewa a situdiyon wani a Titin Gidan Zoo a Kano? A ganina wurin koyo ba ya da wata daraja sai ta abu biyu: ya tilasta maka ka gama aiki, kuma a samu mai ido da zai dube shi ya ce bai yi ba. Yawancin masu tambayar kuwa waɗannan biyun suke gudu, kowa da salon gudunsa.

Akwai mai jiran kwamfuta. Ya haddace farashin kowace na'ura, kuma ba zai fara ba sai ya samu mai RAM 32, alhali Saul Bass ya tsara rubutun buɗe fim ɗin Psycho tun 1960, shekara 33 kafin manhajar After Effects ta fito. Ƙaninsa shi ne mai gardamar manhaja, wanda zai kwana yana kare Cinema 4D a gaban 'yan Blender bai taɓa motsa ko da ƙwallo a ɗayansu ba. In ka tuna masa Blender kyauta ce tun 2002, sai ya ce ai shi ya sa bai yarda da ita ba.

Amma gwanina shi ne mai tara darussa. Wannan bawan Allah ba malalaci ba ne, domin yana shan wahala fiye da masu aikin. Ƙarfe ɗaya na dare yana zaune da datar dare yana sauke bidiyo, ya kwashe darussan Andrew Kramer kaf, ya haɗa da na wani ɗan Indiya da ba ya jin yarensa. Foldojinsa suna da tsari abin sha'awa: "Sabo", "Sabo 2", "Muhimmi", "Muhimmi sosai", da wata "Kalla gobe" da ta shekara biyu tana jiran goben. In ya kalla ma, ninka gudun bidiyon yake yi don ya isa na gaba. Ba za a ce bai iya komai ba: zai haɗa maka wutar da ke cin rubutu, tartsatsi da hayaƙi, daidai da ta malaminsa har launi. Ka ce masa mai fura da nono na son tallar daƙiƙa goma, sai ya yi shiru, ya shafa geminsa, ya ce, "Akwai darasinsa?" Ba zan tsananta masa ba, domin mu masu yi wa mutane wa'azi a kan harkar ba ma son a buɗe namu foldojin a bainar jama'a.

Za a ce ai da kwaikwayo kowane ɗan koyo ke farawa, kuma gaskiya ne. Yaron tela ma ɗinkin maigidansa yake kwafa, sai dai maigidan na nan yana farke wuyan rigar yana cewa a sake, bidiyo kuwa ba ya farke ɗinkin kowa. Abin da ake koya a sana'ar nan ba maɓallai ba ne, lokaci ne. Daƙiƙa ɗaya a talabijin ɗinmu hoto 25 ce, tallar mai furar nan hoto 250 ke nan, kuma sanin a wane hoto rubutu zai taso, a wanne zai lafa ya tsaya, shi ne aikin. Frank Thomas da Ollie Johnston na kamfanin Disney sun zayyana ƙa'idoji 12 a littafinsu na 1981, ciki har da cewa abu ba ya tashi da cikakken gudu kuma ba ya tsayawa cak. Karanta wannan minti biyar ne, amma hannu ba ya kama shi sai an mayar maka da aikinka sau da yawa.

Shi ya sa ba na shiga sahun masu yi wa ɗan takarda dariya. Suna cewa injinan jami'a sun tsufa, ga shekara huɗu, ga yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas. Duk haka ne, amma wanda ya karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an kafa aikinsa a bango an caccake shi a gaban 'yan aji, ya kuma san launi da zaman haruffa. Laifinsa ɗaya ne: in an ce ya nuna aikinsa, sai ya zaro satifiket.

Wanda ba na iya yi wa raha shi ne malamin sati biyu. Yana tallata cewa cikin kwana 14 za ka ƙware ka fara karɓar dala, ya karɓi kuɗin da uwa ta tara daga adashi, ya zuba wa yara manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cuta, sannan ya koya musu sauke tamfilet su canja rubutun ciki. Masu kare shi na cewa ai yaran suna samun na abinci da gayyatar biki. To, a kira shi kwas ɗin canja rubutu, a rage kuɗin. Zaluncin shi ne yaro ya fita yana zaton ya iya, bai san inda zai taɓa ba in mai aiki ya ce a rage gudun tambarin. Kafin a biya irinsa, a ce ya nuna aikin ɗalibansa, ba nasa ba, ya kuma buɗe fayil ɗin a gani ko ɗalibin ne ya gina. In ya wuce wannan, a ba shi sunan amarya mai ƙ ko ɗ ya rubuta. Yawancin haruffan tamfilet ba su da masu lanƙwasa, sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar sunan, kuma a nan za a ga ko ya san yadda ake gyarawa ko kuwa zai ce a rubuta k kawai, ai za a gane.