Daren da Fankar Baba Ta Kashe Sabobin Ofis

A ofishinmu da ke Garki, sabobin da ke ɗauke da albashi da bayanan ma'aikata ba sa magana da kowa kai tsaye. Katangar tsaro ta rufe su ruf. Duk mai son isa gare su sai ya fara shiga wata kwamfuta ta tsakani ta hanyar SSH, wannan ƙofa mai lamba 22 da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finland a 1995, daga nan ya tsallaka ciki. Tun 2016 ma OpenSSH ya sauƙaƙa tsallaken da ProxyJump. Hatta Nagios, manhajar da ke duba lafiyar sabobin dare da rana, ta nan take bi. Kamar gidan gargajiya ne: ka tsaya a zaure, ka aiki yaro ya leƙa ya faɗa maka ko mutanen gida suna lafiya.

Wanda na gada ne ya tsara hakan kafin ya tattara ya tafi Kanada. Bai bar takarda ko ɗaya ba, sai kofin shayinsa.

Wani daren Maris, zafi kamar ya dafa mutum, wayata ta fara kuka a Kubwa. Saƙo na bin saƙo: sabar albashi ta mutu, ta imel ta mutu, ta ajiya ta bi su. Allon duk ya koma ja. Kafin in lalubo wando, Oga ya kira.

"Injiniya, an yi mana kutse ko?"

"Ranka ya daɗe, ina dubawa."

"Ka duba da ƙafarka. Gobe ake biyan albashi."

Motata na wajen makanike, acaɓa kuwa an hana shi shiga tsakiyar birni tun 2006. Na buga wa maƙwabcina ƙofa, ya miƙo mukullin motarsa ta taga, ya ce tankin na kan ja. Na hau babban titin Kubwa ina Hasbunallahu, ido ɗaya kan hanya, ɗaya kan allurar mai. Oga kuwa ya riga ya tashi akanta, da lauya, da wani ɗan'uwansa da aka ce ya san kwamfuta.

Na buɗe ɗakin sabobi ina jiran ƙaurin hayaƙi. Sai sanyin na'ura ya mare ni. Fitilu kore shar, kowace saba na aikinta hankali kwance. Na duba wayata: ta nace duk sun mutu.

Sai na nemi kwamfutar tsakanin. Ba ta cikin ɗakin. Na bi wata shuɗiyar waya ta ƙarƙashin ƙofa, ta bi bango, ta kai ni ɗakin karɓar baƙi. Ga ta ƙarƙashin tebur, tsohuwar HP da ƙura ta yi wa rawani, filoginta a ƙasa. A soket ɗinta wata fanka ce ke juyi, tana fifita Baba maigadi da ya miƙe kan tabarma.

"Baba, kai ka cire wannan?"

"Ni ne, ɗana. Na ga ba ta da allo, ba mai taɓa ta, sai shan wuta. Na ce bari mai rai ya amfana."

Na mayar da filogi. Cikin 'yan mintuna allon ya koma kore, wayata ta sake ɓarkewa da saƙonnin murna, kowace saba na sanar da tashinta daga mutuwar da ba ta yi ba.

Abin haushin, Nagios na da maganin wannan. Idan aka rubuta masa cewa kwamfutar tsakani ce uwar sauran, in ta faɗi zai ce ita kaɗai ta faɗi, sauran kuwa ba a iya kai musu ne kawai. In an kuma kashe sanarwar waɗanda ba a iya kai musu, saƙo ɗaya ne maimakon guguwa. Layi ɗaya ne a bayanin kowace saba, mutumin Kanada bai rubuta ba. Masu amfani da Zabbix, wata manhaja irin Nagios, su ma kan ajiye wakili a cikin katangar ya tara bayanai ya riƙe har hanya ta dawo.

Da safe na nemi a sayi batirin ajiyar wuta, a kuma mayar da kwamfutar ɗakin sabobi. Oga ya kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna, ya ci shinkafa da kaza, ya yanke cewa a manna takarda a soket: "Kada a cire." Da Turanci. Baba kuwa ajami yake karantawa.

Na je kasuwar Wuse na sayo masa soket mai baki huɗu da kuɗina. Ya juya shi, ya gode, ya tambaye ni ko zai ɗauki butar dafa ruwa.