Wai Ɗan Sakandare Me Zai Tara?

Alhaji, tun ban gama magana ba na ga kun taɓe baki. Wai yaron da ke aji biyu na ƙaramar sakandare, me ya mallaka da har za a ce ya yi tanadi? Ku manya ma albashi ba ya kai ku ashirin ga wata, balle shi. To, ku gyara zama mu yi lissafin tare, kada a ce na yi muku coge.

A ce kuna ba shi naira 200 kuɗin tara. Ya ci awara ta ɗari, ya kora da ruwan leda, hamsin ta yi saura. Ya jefa ta a asusu. A mako 250 ke nan, a zangon karatu mai mako 12 ta kai 3,000, zango uku 9,000. Ba ta sayen fili a Abuja, na yarda. Amma tana sayen takalmin makarantar nan da kuke ta cewa "sai an yi albashi" tun kafin azumi.

Ga Hajiya can tana cewa kafin ya fasa asusun kuɗin sun lalace. Ranki ya daɗe, a nan kam kin kama ni. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ga kuma canjin kuɗin da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022, wanda ya sa aka yi ta fasa asusu ba shiri ana rububin kai tsofaffin takardu banki. Sai dai wa ya ce kuɗin su shekara cikin tukunya? Da sun ɗan taru, a sayi kaza. Ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, gab da Sallah ya sayar da zakarun, wata rana sai ki ga 'yar akuya ɗaure a turke. In shirwa ta sure masa 'yan tsaki, ko cutar kaji ta shigo da hunturu, zai yi kuka, ya share hawaye, ya fara tambayar inda ake yi wa kaji rigakafi. Ke a shekarunsa ba haka kakarki ta yi miki ba?

Masu cewa yara ba su da kan lissafi kuwa, ku leƙa ajin 'yan mata lokacin tara. Za ku tarar da uwar adashi 'yar shekara 13, ta tsaga layi a bayan littafin darasi, ta jera sunaye, kowa da ranar ɗaukarta. Wadda ta yi fashin zubi, har ƙofar gida za a bi ta bayan la'asar. Ni dai ban ga ma'aikacin bankin da ya kai ta iya karɓo bashi ba.

Yanzu mu zo kan abin da ba ku so a taɓo. Tanadin yaro ba awara ke cinye shi ba, ba kuma gidan kallon ƙwallo ba. Mutanen gida ne. Akwai Yaya, wanda ya ƙware wajen zura tsinken tsintsiya ta bakin asusu, ya kifa shi, ya zaro 'yar ɗari biyu a nannaɗe, ya mayar da shi ƙarƙashin gado kamar ba a taɓa ba. Akwai kuma babbar magana, "kawo in ajiye maka". Yaro ya sha rana yana yawon Sallah, gidan kawu, gidan gwaggo, ya dawo aljihu cike da sababbin kuɗi, a karɓe a bakin ƙofa. In ya tambaya bayan wata guda, sai a haɗe rai: "Tuwon da kake ci fa, da me ake sayen masarar?" Shi ya sa gobe in ya samu ɗari, kafin ya iso gida ya cinye ta a hanya, kuma ban ga laifinsa ba.

Saboda haka, Alhaji, kafin ku sake ce mini yaran yanzu ba su iya riƙe kuɗi ba, a fara fito da barka da Sallar bara. Yaron ya ce in gaya muku bai manta ba, kuma ya amince a biya shi kashi biyu.