Abin Da Aka Ɓoye Tsakanin Hoto Na 23 Da Na 24

Kowane littafin koyar da origami, wato fasahar Japanawa ta ninke takarda har ta zama tsuntsu ko kwaɗo, yana ɗauke da wasa ƙwaƙwalwa guda ɗaya da ba a ambata a bangonsa ba. Mai saye ba ya ƙara ko sisi dominsa. Gyara ce, irin ta mai gyaɗa.

Gano inda yake ba wuya. A hoto na 1 marubucin zai ɓata zane guda cur yana nuna maka yadda ake haɗa kusurwa da kusurwa, kamar bai yarda ka taɓa ninke wasiƙa ba. Haka zai riƙe hannunka har, a ce, hoto na 23, inda abin da ke gabanka ya yi kama da ambulan. A hoto na 24 sai ga doki tsaye da ƙafa huɗu, da wutsiya, har da geza. Tsakanin hotunan biyu akwai wata 'yar kibiya mai lanƙwasa. A cikinta aka ɓoye aikin.

Kada a ɗora wa maɗaba'a laifi. Ka ƙirga shafukan, babu wanda ya ɓace.

Al'adar ta daɗe. Littafi mafi tsufa da aka sani kan ninke takarda don nishaɗi shi ne Hiden Senbazuru Orikata, wanda ya fito a Kyoto a 1797. Kalmar farko ta sunansa tana nufin sirrin da malami ke bai wa almajirinsa a keɓe, kuma don a tsare sirrin da kyau sai aka buga shi aka kai kasuwa. A cikinsa akwai samfuri 49 na tsuntsun tsuru, ɗan'uwan gauraka, tsuntsaye riƙe da juna ta baki ko fiffike ko wutsiya, duk daga takarda ɗaya da aka tsattsaga ba a raba ta ba. Wani malamin addinin Buddha na garin Kuwana mai suna Gido ne ya ƙirƙiro su. Littafin zai nuna maka inda za ka sa almakashi, ya nuna maka tsuntsayen bayan sun kammala, sannan ya raka ka da 'yar waƙar barkwanci. Samfuri mafi girma sunansa Tsuntsu Ɗari, amma in ka ƙirga 97 za ka samu. Ba a kafa kwamitin bincike ba. Bayanin shi ne an raba takardar gida ɗari, ƙanana 96 kowa ya ɗauki gida ɗaya, babba guda kuma ya haɗiye gida huɗu shi kaɗai. Mai karatun da ya taɓa halartar rabon filaye ba ya buƙatar ƙarin bayani.

A ƙarni na ashirin Akira Yoshizawa, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 2005, ya tausaya wa jama'a ya tsara alamomi, Samuel Randlett na Amurka da Robert Harbin na Ingila suka ƙara gyara su. Layi mai gajerun sanduna yana nufin ninkin kwari, wanda takarda ke lotsawa ciki. Layi mai sanduna da ɗigo yana nufin ninkin tudu, wanda ke tasowa sama kamar kunya a gona. Da wannan tsari Bajapane yana iya rikita mutumin Faransa ba tare da tafinta ba.

Su kuwa manyan masu sana'ar sun ga matakai ɓata lokaci ne. Suna warware abin da suka ninke ya koma takarda shimfiɗe, su zana duk layukan da suka rage a jikinta, su buga hakan a shafi ɗaya, su tafi gida. Wannan ita ce taswirar ninki. A Japan akwai mujalla mai suna Origami Tanteidan, ma'ana ƙungiyar masu binciken sirri na origami, da ke buga irin wannan taswira tana ƙalubalantar masu karatu. Har yau masu binciken ba su kama kowa ba. Dodon nan Ryujin na Satoshi Kamiya, mai ƙaho da farata da ɓawo a duk jikinsa, daga takarda ɗaya ba yanka, ta taswira mutane suka riƙa koyonsa, kuma da yawa cikinsu suna nan da ransu.

To, ga yadda ake warwarewa. Ka ninke ambulan ɗinka kusa da siffar hoto na 24 gwargwadon iko, ka warware, ka duba mahaɗa, wato inda layuka suka haɗu a tsakiyar takarda. Ƙa'idar Jun Maekawa ta ce a duk mahaɗar da za ta kwanta lafiya, bambancin adadin tudu da na kwari biyu ne daidai. In layi huɗu ne, uku da ɗaya. In shida ne, huɗu da biyu. Gwada yanzu da takardar kuɗin wuta: ninke ta biyu, ka sake ninkewa, ka buɗe. Uku da ɗaya za ka gani. In ka samu biyu da biyu, sake ƙirga, domin wannan sakamako ne da ba a ƙalubalantarsa a kotu. In kuma layukan biyar ne, akwai na shida da marubucin ya riƙe a aljihunsa, kuma shi kake nema.

Ina yake? Nan Toshikazu Kawasaki ke shigowa. Ka auna kusurwoyin da ke kewaye da mahaɗar, ka ɗauki ɗaya ka tsallake ɗaya, ka haɗa waɗanda ka ɗauka. Dole su ba ka digiri 180, waɗanda ka tsallake ma 180. Layin da ya ɓata yana daidai wurin da zai sa lissafin ya tashi. Wani Bafaranshe, Jacques Justin, shi ma ya gano ƙa'idojin biyu, amma a bakin jama'a sunayen Japanawan ne suka zauna, shi sai dai a gode masa.

Wani lokaci taswirar za ta buƙaci a raba gefen takarda gida uku, alhali a wannan sana'a ɗaukar rula abin kunya ne. Kazuo Haga, masanin halittu, ya ba da mafita: in takardar murabba'i ce, ka ja kusurwar ƙasa ta dama ka ɗora ta a tsakiyar gefen sama, ka danne. Inda gefen ƙasa ya ratsa gefen hagu, nan ne sulusi, babu ragi babu ƙari. Ni dai ina ganin wannan ya fi dokin kansa kyau, amma ba a tambaye ni ba.

Mai yiwuwa kowace mahaɗa ta cika ƙa'ida, takardar kuma ta ƙi kwanciya, domin wani sashe yana son ratsa wani, abin da takarda ba ta yi. Kada ranka ya ɓaci. A 1996 Marshall Bern da Barry Hayes sun tabbatar da cewa gane ko taswira za ta ninku shimfiɗe yana cikin ajin matsalolin da har yau ba a san wata hanya mai sauri ta warware su ba, ko da kwamfuta. Idan uwargida ta leƙo ƙarfe biyun dare ta ce, "Maigida, lafiya?" sai ka karanta mata sunayen nan biyu da shekarar.

Saura mataki na ƙarshe. Bayan an danne kowane layi da farce, an mai da tudu tudu, kwari kwari, sai a tattaro takardar ta rufta gaba ɗaya a lokaci guda. Ba a yin sa ɗaya bayan ɗaya. Yatsu goma ba sa isa, shi ya sa ake haɗawa da haɓa, wasu da maƙalen shanya, wasu kuma su kira yaro su ce ya riƙe nan kada ya yi numfashi. In an dace, takardar za ta ɗan yi gardama, sannan ta faɗa cikin kanta, ƙafa ta fito, wutsiya ta fito, geza ta miƙe.

Sai ka juya zuwa hoto na 25. Umarninsa gajere ne: a maimaita haka a ɗaya gefen.