Kowa da Kariyarsa: Masu Ɗora Katakon Zamiya a Saman Mota

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke lulluɓe duwatsu, irin su Kanada, Norway, Suwizalan da jihar Kolorado ta Amurka, Nuwamba na kamawa sai hankalin jama'a ya koma saman mota. Katakon zamiya a kan ƙanƙara na babban mutum yakan kai santimita 160 zuwa 190, ga bakin ƙarfe mai kaifi a gefe, ga jiƙa sharkaf idan an sauko daga dutse. Allon zamiya, wanda ake ɗaure ƙafafu biyu a kansa, bai kai haka tsawo ba, amma ya fi faɗi. Dole dai a nema musu kariyar ɗorawa a saman mota, kuma a wurin zaɓenta ne halin kowa ke fitowa fili.

Wanda ke riga kowa isa shago shi ne Sarkin Bincike. Tun Satumba yake sintiri da ɗan littafinsa. Ya san an kafa kamfanin Thule a garin Hillerstorp na Suwidin a 1942, ya san sun fitar da kariyar katakon zamiya ta farko a 1962, ya san Yakima ta Amurka ta zo a 1979. Zai tsare ka ya karanta maka bambancin sandar rufi mai zagaye, da mai kusurwa huɗu, da mai fasalin fiffike wadda ba ta cika kuka a iska ba. Yaran shago na hango shi sai kowa ya tuna yana da aiki a sito. Ba ya yanke shawara sai Maris, ƙanƙara ta fara narkewa, sannan ya ce bari ya jira sabon samfurin baɗi. Sai dai a yi masa adalci: tambayarsa ta farko ita ce daidai, wato wane irin rufi motar take da shi. Wani rufin yana da dogo a ɗage wanda hannu ke shiga ƙarƙashinsa, wani dogon a manne yake, wani rufin kuma sumul ne, sai an maƙala ƙafafun sanda a bakin ƙofa. Kowanne da irin ƙafar da ke kama shi.

Na-Araha ba shi da wannan dogon lissafi. Ya ji an ce akwai kariya mai maganaɗisu, ba sanda, ba kusa, ɗorawa kawai ake yi. Ya biya, ya fito wurin ajiye motoci yana murmushin wanda ya ci riba. Ya ɗora ta a rufi, ta sulalo ta gilashin gaba ta zauna a kan bonet. Ya goge rufin da hannun rigarsa, ya sake ɗorawa, ya danna da tafi biyu, ta sake biyo hanyarta ta ɗazu. Sai da wani mai wucewa ya ƙwanƙwasa rufin da yatsa ya ce masa, "Malam, ai wannan alminiyom ne." Maganaɗisu ba ya kama alminiyom, ba ya kama rufin gilashi, ko a kan ƙarfen ma sai rufin ya kasance a bushe, ba ƙura, kuma akwai iyakar gudun da aka yarda a yi da ita. Araha ba ta ado.

Na-Araha yana da ƙane, Sabon Zuwa, ɗanmu na gida da karatu ko aiki ya kai Kalgari ta Kanada. Shi bai ga abin kashe kuɗi a nan ba, tunda ya taso yana ganin ana ɗaure buhunan albasa a saman mota da roba da igiya tun daga Aliero har Legas. Matsalar ita ce buhun albasa ba ya kama iska, allon zamiya kuwa da mota ta ɗauki gudu so yake ya tashi sama.

Sai Ai-Zai-Shiga, wanda ya rantse ba zai taɓa sayen kariya ba. Ya kwantar da rabin kujerar baya, ya zura katakai daga but har bakinsu ya leƙo tsakanin kunnensa da na uwargida. Yara uku sun matsu a sauran kujerar, sandunan tokarawa a cinyarsu. "Maigida, wannan abin fa yana taɓa min wuya," in ji ta. "Yi haƙuri, ai mun kusa," in ji shi, alhali ko garin ba su fita ba. A dawowa ƙanƙarar da ta maƙale a kayan ta narke cikin kafet, motar ta yi wari har bazara. Wannan duk mai sauƙi ne. Katakon da ba a ɗaure ba, ranar da aka taka birki da ƙarfi, ba ya tambayar wa ke gaba.

Mai Akwati shi ne babban mutum a cikinsu, kuma gaskiya hujjarsa tana da ƙarfi. A waɗannan ƙasashe ana watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, kuma kariyar da ke buɗe, mai kama katako tsakanin leɓɓan roba biyu, tana barin ruwan gishirin nan ya ci bakin ƙarfe da maɗaurin takalmi. Akwati kuwa rufe yake ruf. Inda yake samun matsala shi ne ganin fili. Ya zuba katakai, ya ƙara takalma, hular kwano, jakar abinci, har da abin da ba a tashi da niyyar ɗauka ba, ya manta motoci da yawa kilo 75 kacal aka yarda rufinsu ya ɗauka, kuma nauyin sanduna da na akwatin kansa yana cikin lissafin. Ga shan mai: Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce babban akwati a saman mota na iya rage nisan da mai ke kai ta da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 idan ana gudun babbar hanya.

Amma ranar da ake tuna shi da ita daban ce. Ya dawo daga wurin zamiya na Whistler a Kanada da dare, a gajiye, ya sha tuƙin kilomita 120 zuwa Bankuba, yara sun yi barci. Ya danna rimot, ƙofar gareji ta ɗage, ya shiga kamar yadda ya saba kullum. Ƙara ɗaya aka ji, ƙwaram! Fitilun maƙwabta suka kama ɗaya bayan ɗaya. Ya fito ya tsaya yana kallon murfin akwati a ƙasa, ƙofar gareji a lanƙwashe, sannan ya juya ya tambayi uwargida me ya sa ba ta tuna masa ba. Waɗanda suka taɓa shan wannan kashin su ne za ka ga suna ajiye kwandon shara a tsakiyar garejin kafin su fita, don dole su sauko su ɗauke shi su ga abin da ke bisa kansu.

Gajere mai doguwar jif ba ya buƙatar dogon bayani. Yana tafe da ɗan benci a but, ko ya taka taya yana lilo da katako a hannu ɗaya. Akwai kariya mai zamowa gefe, akwai wadda ake sokawa a ƙugiyar jan tirela a baya, amma ya ce shi ba gajere ba ne. Haka ma Mai Mantuwa, wanda ke rufe kariya bai jira ya ji ta ce ƙas ba, sai ya hangi katakonsa a madubi yana zamiya shi kaɗai a kan titi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Ɗan Burga. Kariyarsa ita ce mafi tsada a unguwa, tana sheƙi, an manna mata tambarin wuraren zamiya na Shamoni da Aspen. Tana nan a saman motar har Yuli, tana fito a iska, tana shan mai a banza, ba ta taɓa ɗaukar komai ba. Ka ce masa a je dutse ranar Asabar, sai ya dafa gwiwa ya ce likita ya hana shi bana. Bara ma gwiwar ce.

Kai kuma mai karatu, idan rabo ya kai ka can har sha'awar zamiya ta kama ka, duba littafin motarka ka ga nauyin da rufi ke ɗauka, ka auna katakonka, ka auna ƙofar garejinka, sannan ka nufi shago. In kuwa Ai-Zai-Shiga ya ce ka zo ya rage maka hanya zuwa wurin zamiya na Banff, ka yi masa godiya, ka nemi bas.